Samuwar Abincin Tsiro da Girman Ciyayin Dangin Aya: Daga Tundirar Alaska zuwa Fadamun Furfuri

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda samuwar abincin tsiro a cikin ƙasa ke tafiyar da girman ciyayin dangin aya. An gwama abin da masana suka gano a tundirar Alaska ta ƙasar Amurka da halin da gonakin Furfuri, a ƙaramar hukumar Bunguɗu ta jihar Zamfara, suke ciki. Wuraren biyu sun yi hannun riga ta fuskar yanayi, amma ciyayin wannan dangi sun sami gindin zama a kowannensu da dabara kusan iri ɗaya. Nazarin ya dogara ga rubuce-rubucen masana kimiyyar tsirrai da na ƙasar noma, da kuma kalmomin da manomi Bahaushe ke siffanta gonarsa da su. An nuna cewa abincin da ke kwance a ƙasa daban yake da wanda saiwa ke iya kaiwa gare shi a kan kari, kuma ƙarin taki yakan fara sauya wanda ke cin moriyar fili kafin ya ƙara amfanin gona. Daga nan aka yi tsokaci a kan kalmomin da ake fassara wannan fage da su zuwa Hausa.

1.0 Gabatarwa

Furfuri gari ne na manoma da ke kusa da Gusau. Ƙasar Gusau da Bunguɗu gulbin Sakkwato ne ke ratsa ta, kuma a gefensa da gefen ƙoramun da ke zuba a cikinsa akwai fadamu da ake noman shinkafa da damina, a yi lambu da rani. A kan tudu kuwa dawa da gero da masara da wake da gyaɗa da auduga ake nomawa, kamar yadda abin yake har zuwa ƙasar Tsafe. Duk manomin fadama a wannan yanki ya san wata ciyawa mai taurin kai, wato aya-aya, wadda wasu ke kira jiji. A nome ta yau, kafin mako ya zagayo ta sake tsirowa. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne yadda take ƙara haɓaka a gonar da aka fi kashe wa kuɗin taki.

Wannan ciyawa tana da 'yan uwa a can ƙuryar arewacin duniya, a shimfiɗaɗɗiyar ƙasar sanyi marar itatuwa da ake kira tundira. A can an shafe fiye da shekara 40 ana zuba wa ciyayin taki da gangan, ana auna abin da ya biyo baya. Da wuya a sami wani rukunin ciyayi na daji da aka bi diddigin cin abincinsa kamar su. Dalilin waiwayar tundira ke nan a maƙalar da ta shafi Furfuri.

2.0 Dangin Aya a Bakin Bahaushe

Masana tsirrai suna kiran wannan dangi Cyperaceae, kuma an ƙiyasta yana da nau'o'i kimanin 5,500. A ido sun yi kama da ciyawa, sai dai karan mafi yawansu yana da kusurwa uku, ba shi da gaɓoɓi irin na karan dawa ko gamba. Hausa ba ta da suna guda da ya tattara su. Ta raɗa wa kowanne suna gwargwadon amfaninsa ko cutarwarsa. Aya, wato Cyperus esculentus, ita ake ci ɗanya ko soyayya, a yi dakuwa da kunun aya. Kajiji, wato Cyperus articulatus, yana fitowa a bakin ruwa, kuma saiwarsa mai ƙamshi ce mata ke haɗa turaren wuta da ita. Aya-aya kuwa, Cyperus rotundus, ƙwayarta ɗaci gare ta, kuma maimaita sunan da aka yi ya nuna matsayinta a wurin Bahaushe: mai kama da aya, amma ba ta kai ba. Tun a 1916 likitan nan J. M. Dalziel ya tattara sunayen tsirrai na Hausa tare da takwarorinsu na Latin, kuma har yau aikinsa ne madogarar farko a wannan fage. A wannan maƙala an ɗauki “dangin aya” a matsayin sunan rukunin gaba ɗaya, saboda aya ce fitacciya a cikinsu.

Shigar aya cikin maganganun hikima ta nuna daɗewarta a hannun Hausawa. Ana cewa an gasa wa wane aya a hannu, ko zai yaba wa aya zaƙi, ko a rarrabe aya da tsakuwa. Na ƙarshen ya fito ne kai tsaye daga aikin gona, domin aya a cikin ƙasa take 'ya'ya, kuma sai an tankaɗe ƙasar kafin a tsince ta. Nan ne kuma sirrin dangin yake. Mafi yawan dukiyar waɗannan tsirrai a ƙarƙashin ƙasa take, a cikin ƙwaya ko kauraran jijiyoyi masu rarrafe, inda suke tara abinci domin lokacin tsanani.

3.0 Tundira: Rumbu Cike, Ƙofa a Kulle

Tashar bincike ta tafkin Toolik tana arewacin tsaunukan Brooks a Alaska, a wajen digiri 68 arewa da tsakiyar duniya, alhali Gusau tana wajen digiri 12. An fara aiki a wurin a 1975. Lokacin da tsiro ke iya girma a can bai wuce wata biyu zuwa uku ba a shekara. Ko a tsakiyar wannan lokaci, abin da ke narkewa na saman ƙasa bai cika wuce rabin mita ba, ƙarƙashinsa kuwa ƙasa ce daskararriya da ta shekara dubbai ba ta narke ba.

Ƙasar tundira ba matalauciya ba ce. Ganyaye da saiwoyin da suka mutu shekara da shekaru suna nan jibge, domin sanyi da jiƙewar ƙasa sun hana ƙananan halittun da ke ruɓar da su yin aikinsu. An ƙiyasta cewa kabon da ke binne a daskararrun ƙasashen arewa ya kusa ninka wanda ke cikin sararin samaniya sau biyu, kuma tare da shi akwai naitirojin da fosfaras masu ɗimbin yawa. Sai dai tsiro ba ya cin mataccen ganye. Sai an ruɓar da shi, abincin ya narke a ruwan ƙasa, sannan saiwa ta zuƙa. Abin da ake saki a shekara ɗan ƙalilan ne, kuma ƙananan halittun su ma suna rububinsa. Rumbu ne cike da hatsi, amma abin da ke kaiwa akushi bai taka kara ya karya ba.

Ciyawar da ta mamaye wannan ƙasa 'yar dangin aya ce mai suna Eriophorum vaginatum, wadda kan fitar da farin gashi kamar auduga idan ta yi fure. Tana girma ne a dunƙule, curi-curi, kuma curi guda kan rayu fiye da shekara 100. Dabarun zamanta abin a tsaya a duba ne. Ba ta fitar da ganyenta a lokaci guda. Tana fitar da su ɗaya bayan ɗaya, kuma kafin tsohon ganye ya bushe sai ta janye mafi yawan naitirojin da fosfaras ɗin da ke cikinsa ta mayar wa sabo, ko ta adana a gindi. Saiwoyinta sababbi ne kowace shekara, suna bin ƙasa zuwa ƙasa gwargwadon yadda ƙanƙara ke narkewa. A cikin kara da saiwa akwai ƙofofin iska da ke ba ta damar numfashi a ƙasar da ruwa ya cika. A 1993 kuma F. S. Chapin da abokan aikinsa suka bayyana a mujallar Nature cewa wannan ciyawa tana iya zuƙar amino asid kai tsaye, wato naitirojin da bai gama ruɓewa ba, ba tare da jiran ƙananan halittu su kammala aikinsu ba. Kafin wannan lokaci an ɗauka cewa tsiron da ba shi da taimakon naman gwari a saiwarsa ba ya iya haka.

Wani abin lura shi ne, a inda ruwa ke gangarawa a hankali ta ƙarƙashin ciyayi, wannan ciyawa takan yi girma ninkin-ba-ninki a kan 'yar uwarta da ke gefe kaɗan. Ƙasar ɗaya ce, sanyin ɗaya ne. Bambancin shi ne ruwa mai tafiya yana kawo abinci bakin saiwa. Haka ma tsofaffin sawun motoci a tundira sukan yi kore shar, domin inda aka danne ƙasa takan fi narkewa, ruɓewa ta ƙaru.

3.1 Abin da Taki ya Haifar a Toolik

A 1981 Gaius Shaver da Chapin suka ware filaye a Toolik, suka riƙa zuba musu giram 10 na naitirojin da giram 5 na fosfaras a kowane murabba'in mita duk shekara. Idan aka mayar da wannan lissafi zuwa ma'aunin gona, kilo 100 ke nan na naitirojin a hekta guda, wato buhun yuriya huɗu da ɗoriya, tun da buhu mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na naitirojin. Adadin ya kusa kilo 120 da malaman gona kan ba manomin masara shawara a arewacin Nijeriya. Ashe dai takin masara aka yi wa ciyawar daji.

A shekarun farko ciyayin dangin aya da sauran ciyayi ne suka ci moriya. Suka yi tsawo, suka yawaita ganye da fure. Wannan ya tabbatar da cewa yunwa ce ta fi takura su, fiye da sanyin kansa. Amma da tafiya ta yi nisa sai labari ya sha bamban. Wani guntun itace mai suna Betula nana, wanda a da yake rakuɓe a tsakanin curin ciyawa, ya samu abin da yake nema. Ya yi rassa, ya yi sama, ya rufe filin da inuwa. Gansakuka ta kusa ɓacewa, Eriophorum ta ja baya ƙwarai. Duk dabarun tattalinta na zaman babu ne, kuma da wadata ta zo sai wanda ya fi ta saurin miƙewa ya raba ta da hasken rana.

Sakamako na biyu ya fi wannan tayar da hankali. A 2004 Michelle Mack da abokan aikinta suka buga sakamakon awon filayen bayan shekara 20 ana zuba taki. Abin da tsirrai ke samarwa a sama ya ninka, amma da aka haƙa ƙasa sai aka tarar filin ya yi asarar kusan kilo 2 na kabon a kowane murabba'in mita. Takin ya ciyar da ƙananan halittun ƙasa su ma, suka far wa tsohuwar ajiyar da ke zurfi. Ido ya ga kore a sama, ma'auni ya nuna rumbu na zurarewa. Wannan ne ya sa masana ɗumamar yanayi suka damu da batun, domin ɗumi yana yi wa tundira abin da taki ya yi mata: yana saurin ruɓar da ajiya, ya saki abinci.

Ba ko'ina ne naitirojin ke kan gaba ba. A wuraren da ruwa ke kwanciya, inda nau'o'in Carex suka fi yawa, gwaje-gwaje sun nuna fosfaras ne ya fi ƙaranci. Wannan ya dace da tsohuwar ƙa'idar da ake jingina wa Carl Sprengel da Justus von Liebig na ƙasar Jamus tun ƙarni na 19, cewa girman tsiro yana tsayawa ne a kan abincin da ya fi ƙaranci, komai yawan sauran.

Akwai misali guda daga gaɓar tekun Hudson a Kanada da zai yi wa mai nazarin ƙasar Hausa kama da na gida. A can Robert Jefferies na Jami'ar Toronto ya daɗe yana nazarin wata farar dinya da ke kiwo a kan wata gajerar Carex. Muddin garken bai wuce kima ba, kashin tsuntsayen yakan mayar wa ƙasa naitirojin nan take, ciyawar da aka ci ta fi wadda aka killace tofowa. Da dinyoyin suka yi yawa, saboda abincin da suke samu a gonakin Amurka lokacin hunturu, sai suka koma tonon saiwa, wurin ya zama fako mai gishiri.

4.0 Furfuri: Ƙaramin Rumbu mai Yoyo

Matsalar ƙasar Furfuri kishiyar ta tundira ce. Ruwan sama a yankin Gusau yakan kama daga milimita 800 zuwa 1,000 a shekara, kusan dukkansa tsakanin Yuni da Satumba. Zafi da gara da ƙananan halittu ba sa barin mataccen ganye ya kwana biyu. Abin da ya rage na kara da harawa kuwa mutane na kwashewa domin dabbobi da danni da makamashi. Saboda haka kabon da ke cikin ƙasar noma ta wannan shiyya bai cika kai kashi 1 cikin 100 ba, kuma naitirojin da fosfaras su ne suka fi ƙaranci. Ƙurar hunturu takan ɗan mayar da wasu sinadarai kamar fotashiyam, amma ba ta cike giɓin waɗancan biyun.

An daɗe ana ɗibar wannan ƙasa. Tun da layin dogo daga Zariya ya ratsa Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929, gyaɗa da auduga suka riƙa fita daga yankin, kuma kowane buhu da abincin ƙasar da ya tafi da shi. Takin supa, wanda aka yayata domin gyaɗa, har aka kafa masa masana'anta a Kaduna a 1976, yunƙuri ne na mayar da fosfaras ɗin da aka kwashe.

Ko a nan ɗin, akwai da samu ba ɗaya ba ne. A jangargari, sinadarin ƙarfen da ya ba ƙasar launinta yakan riƙe fosfaras ya hana saiwa. Idan ruwa ya kwanta a fadama, iska ta yanke, sai ƙarfen ya saki abin da ya riƙe, wanda yana cikin dalilan da suka sa laka ta fi jigawa albarka. A jigawa kuwa naitirojin ba ya zama: ruwa mai ƙarfi guda ya isa ya gangarar da shi ƙasa da inda saiwar gero take. Yuriyar da aka watsa a saman ƙasa da rana tsaka, wani kaso nata iska ke tafiya da shi. Sannan akwai abin da H. F. Birch ya bayyana a 1958 daga aikinsa a Gabashin Afirka: idan ruwan farko ya sauka a busasshiyar ƙasa, ƙananan halittu sukan farfaɗo gaba ɗaya, su saki naitirojin mai yawa a cikin 'yan kwanaki. Manomin da ke gaggawar shuka da ruwan fari, ko mai yin binne tun kafin ruwa, wannan garaɓasa yake nema, ko da bai kira ta da wannan suna ba. Irin wannan ɗan taƙaitaccen buɗi yana faruwa a tundira lokacin narkewar ƙanƙara. A wuraren biyu, tsiron da ke da guzuri a ƙarƙashin ƙasa shi ke riga kowa.

4.1 Wa ke Cin Takin?

A nan ne aya-aya ta yi fice. Kafin ƙwayar shinkafa ko masara ta fasa, ita ta riga ta tsiro daga ƙwayayenta na bara, ta baza saiwa. A littafinsu na 1977 a kan miyagun ciyayin duniya, LeRoy Holm da abokan aikinsa sun sa ta a lamba ta ɗaya, suka ce tana addabar amfanin gona iri 52 a ƙasashe 92. Ƙwayayenta a sarƙe suke da juna kamar carbi, kuma muddin sarƙar na haɗe, mafi yawansu barci suke yi. Da zarar fartanya ta tsinka ta, kowace ƙwaya sai ta farka. Shi ya sa noman sama-sama yake zame mata kamar dashe.

Game da taki, gwajin da L. I. Okafor da S. K. De Datta suka buga a 1976 daga cibiyar binciken shinkafa ta duniya da ke Filifin ya nuna cewa idan aka ƙara naitirojin a gonar shinkafar tudu mai aya-aya, ciyawar ta fi shinkafar amfana, asarar da take jawowa kuma ta ƙaru. Idan aka ajiye wannan kusa da sakamakon Toolik sai a ga ƙa'ida guda ce ta yi aiki, ko da yake 'yar dangin aya ta faɗi a can, ta yi nasara a nan. Taki ya buɗe gasa, hasken rana ya raba gardama. A Toolik an sami itacen da ya fi ciyawar tsawo. A fadamar albasa ko tumatir ko ƙaramar shinkafa babu mai yi wa aya-aya inuwa, ita kuwa inuwa ce babbar maƙiyarta. Dalili ke nan da ba ta cika yin tasiri a cikin dawar da ta rufe ko waken da ya yaɗu ba.

Maƙiyinta na biyu shi ne fari. Ƙwayar da aka tono aka bari a rana da bazara takan bushe ta mutu. Amma fadamar da ake nomawa damina da rani, injin ban-ruwa na aiki ba hutu, ba ta taɓa bushewa har haka. Bunƙasar noman rani, wadda alheri ce ta fuskoki da dama, ta ba wannan ciyawa ruwa da taki na wata goma sha biyu.

Halin da ake ciki a Zamfara ya ƙara wa lamarin nauyi. A da, bayan kaka, makiyaya kan sauka a gonaki bisa yarjejeniya, shanu su ci kara su bar taki, manomi kuma ya yi ta jigilar takin gida da toka a mangala. Irin wannan taki a hankali yake sakin abincinsa, yana kuma ƙara wa ƙasa jiki. Gwajin da aka fara a Samaru ta Zariya tun 1950, inda ake gwama kashin shanu da takin zamani a fili guda shekara da shekaru, ya nuna cewa naitirojin na kanti shi kaɗai yakan sa ƙasa ta yi tsami amfani ya ragu, haɗa shi da takin dabbobi kuwa yakan riƙe ta. Satar shanu da ta'addancin 'yan bindiga, waɗanda suka addabi ƙasashen Tsafe da Bunguɗu da maƙwabtansu fiye da shekara goma, sun raunana waccan yarjejeniya. Gonakin nesa sun zama abin tsoro, na kusa da gari ana nomansu ba saurarawa. Takin zamani kuma, wanda shirin gwamnatin tarayya na ƙarshen 2016 ya tsayar da buhun kamfa a kan naira 5,500, yanzu ya ninka haka sau da yawa. Manomin da ya sayar da akuya ya sayi buhu guda, ba ƙaramar asara ba ce a ce rabinsa ciyawa ta ci.

Abin da ya fito daga wannan bayani a aikace bai da yawa, kuma ba baƙo ba ne ga manoma: a yi noman firi kafin a sa taki, a binne shi a gindin shuka maimakon watsi, a raba shi kashi biyu, a kuma bar fadama ta sha rana bayan an kafce ta idan da hali. Dabarar sa 'yan giram kaɗan a ramin shuka, wadda cibiyar ICRISAT ta gwada a Sadore ta Jamhuriyar Nijar, a kan wannan tunani aka gina ta.

4.2 Aya ta Noma

Inda ake son 'yar dangin ta yi girma ma, ƙarin abinci ba kullum yake zama ƙarin amfani ba. An daɗe da sanin cewa yawan naitirojin da dogon yini suna sa aya ta zuba ƙarfinta a ganye da sababbin tsirrai, gajeren yini kuma yana sa ta koma ga ƙwaya. Manomin aya ƙwaya yake nema, don haka gonar da ta fi kowace kore a watan Agusta ba lalle ta fi cika buhu ba. A jihar Maraɗi, wadda ta yi suna wajen noman aya har ana kai ta Sifen, ana ƙone ganyen ne a tankaɗe ƙasar gonar kafin a tattara ƙwayar. Gonar takan fito tsirara a daidai lokacin iskar hunturu, kuma sai da taki mai yawa take komawa daidai.

5.0 Batun Kalmomi

Ga mai nazarin Hausa, wannan fage ya tono wata matsala ta fassara. Kalmar “sinadari” ta ɗauki kaya fiye da ƙarfinta. Da ita ake kiran kayan haɗin miya, da maganin feshi, da gubar masana'anta, da abincin tsiro. Idan aka ce “sinadarai masu gina jiki” kuma, hankalin mai sauraro kan tafi ga abincin yara. Shi ya sa aka zaɓi “abincin tsiro” a nan. Kalmar “taki” ita ma ba ta wadatar ba, domin taki abin da mutum ko dabba ya kawo ne, alhali tundira ba mai kai mata komai.

Maganar manoma ta fi ta littattafai kaifi a wannan wuri. Sukan ce ƙasa tana da ƙarfi, ko ta gaji, ko ta mutu, kuma waɗannan matakai ne mabambanta: wadda ta gaji hutu take so, wadda ta mutu sai an yi mata aiki. Sukan ce taki ya ƙone shuka, wanda ke nuna sun san yawa na iya zama illa. Suna karanta ƙuduji a matsayin shaidar gajiyar gona, su kuma bar gawo a tsakiyarta saboda abin da suke gani a ƙarƙashinsa. Sunayen ƙasa irin su jigawa da laka da jangargari da fako da fadama, ko hwadama a Zamfarci, kowanne yana ɗauke da hukunci a kan yadda ƙasar ke riƙe ruwa da abinci. Abin da ya rage shi ne a fito da bambancin a rubuce. Ana iya kiran abin da ke cikin ƙasa gaba ɗaya “kwantaccen abinci”, wanda saiwa ke iya zuƙa a wannan lokaci kuma “samammen abinci”. Da waɗannan biyu za a iya rarrabe halaye uku da yanzu ake tattarawa a ƙarƙashin “ƙarancin sinadarai”: inda abincin babu shi, kamar tsohuwar jigawa, inda yana nan amma a ɗaure, kamar tundira ko fosfaras a jangargari, da inda ya samu amma wani ya riga shuka kaiwa gare shi.

Bambancin yana da farashi. Shirye-shiryen noma na rediyo da takardun malaman gona da Hausa suke isa ga mutanen Furfuri. Manomin albasa da aya-aya ta cinye wa fadama, idan aka gaya masa cewa ganyen shukarsa ya yi ɗorawa saboda ƙarancin sinadarai, Gusau zai nufa ya ƙaro buhun yuriya, alhali matsalarsa ta rukuni na uku ce, kuma buhun da zai ƙaro ciyawar zai fara ciyarwa.